Yana Bin Baƙi

An dakatar da malamar kimiyya ta firamaren da ke bayan tashar mota, bayan wani mutum-mutumi da ɗalibanta suka haɗa ya ja babban Daraktan ilimi da tawagarsa har ƙofar ɗakin da aka ɓoye fiye da rabin 'yan ajin. Hedimasta ne ya sa hannu a takardar dakatarwar. Laifin da aka rubuta mata shi ne yaudarar hukumar makaranta da kalma guda.

Abin ya faru ne ranar Alhamis da hantsi, a barandar manyan azuzuwa, a gaban malamai, da iyayen yara da aka gayyato, da wani mai ɗaukar hoto daga ofishin Darakta wanda bai kashe kyamararsa ba har aka watse.

Malamar, wadda kowa ke kira Malama Waya saboda ba a raba jakarta da guntayen wayoyi ja da shuɗi, ta daɗe tana koyarwa a matsayin ma'aikaciyar gwaji. Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburin Hedimasta tun farkon zango, a ƙarƙashin wani dutsen ado da yake danne takardu da shi. Idan zangon ya ƙare bai sa hannu ba, gurbinta ya tafi, sai ta koma cikin masu neman aikin da take yi yanzu. Kowa a makarantar ya san haka, har mai gadi.

Kayan sun zo ne a kwali, kyautar wata ƙungiya mai son yara su koyi haɗa na'ura da hannunsu. Da aka gaya wa Hedimasta mutum-mutumi ne a ciki, ya sa aka share kusurwar ofishinsa inda zai riƙa tsayawa. Yana tsammanin abu mai kai da kafaɗu, wanda zai sara masa da safe. Da aka yanke kwalin sai ga ƙananan tayoyi, da batura, da wani koren allo da bai kai tafin hannu ba, da wayoyi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya leƙa ƙasan kwalin, ya tambayi direban da ya kawo ko shi mutumin yana tafe a baya. Direban ya ce iyakar abin da aka ba shi ke nan. Hedimasta ya dubi malamansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa kwalin ga wadda ba ta da bakin cewa a'a.

Ita da 'yan aji shida suka haɗa shi a ɗakin kimiyya, wanda aji ne kamar sauran, sai dai yana da wurin wanke hannu da ba famfo. Waɗanda suka fi sa hannu 'yan kujerar baya ne, irin yaran da ake zanewa a gida saboda sun kwance rediyo. Abin da ya fito bai fi takalmin babban mutum girma ba: taya biyu, ƙoƙon roba a baya, da ƙananan idanu biyu a ƙarƙashin ƙirji suna kallon ƙasa. Yaran suka sa masa suna Kunkuru. Aikinsa ɗaya ne. Idan aka manna baƙin tef a kan siminti mai haske aka ajiye shi a kai, sai ya bi tef ɗin duk inda ya lanƙwasa. Bayan wannan bai san komai ba. Ba ya ji, ba ya ganin abin da ya ɗara ƙasa tsawo, kuma bai san mutum ba.

Teburin ɗakin baƙin fenti gare shi, kuma Kunkuru ya taɓa bin sa har ya faɗo daga ɗaya ƙarshen. Don haka Malama Waya ta ɗauki babban alƙalami ta rubuta wa yara gargaɗi a murfin kwalin. Tawadar ta kusa ƙarewa, sai ta taƙaita: A KULA, YANA BIN BAƘI.

A baki kalmomin biyu ba sa rikicewa. Baƙi na launi gajere ne, a sama ake faɗinsa. Baƙi na mutanen da suka zo daga wani wuri kuwa sai an saukar da murya an ja shi. Amma a rubuce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Hedimasta ya shiga ɗakin wata rana neman kujera, bai tarar da kowa ba, ya karanta murfin shi kaɗai, ya fita ya manta da kujerar.

Washegari a taron safe ya sanar da cewa makarantarsu ta mallaki na'urar da ke gane baƙo ta bi shi a baya don girmamawa, abin da ya ce ya gagari yaran zamani. Ya ce ya riga ya buga wa ofishin Darakta waya, kuma Darakta da kansa zai zo a bi shi. Malamai suka tafa. Malama Waya, tana tsaye bayan layin 'yan aji shida, ta ji yadda ya ja kalmar, ta kuma ga 'yan kujerar baya sun juyo suna kallonta.

Ta same shi a ofis da niyyar gyara. Mutum ne da ba a taɓa yi wa gyara ya manta ba. Malamin lissafin da ya taɓa gyara masa kwanan wata a gaban jama'a yanzu yana koyarwa a inda mota ba ta kaiwa da damina. Kafin ta zauna ya ɗaga dutsen, ya zaro takardarta, ya hure ƙurar da ke kai, ya ce da zarar Darakta ya tafi da fara'a zai sa hannu, tawada ba za ta bushe ba zai aika. Ya mayar da takardar, ya danne.

"Kina da magana, Malama?"

Ta dubi dutsen.

"Batir nake so a ƙaro, ranka ya daɗe."

Dabarar da ta yi ba ta da wuya. Ta manna tef daga matakalar baranda zuwa ƙofar ɗakin kimiyya. Idan aka sa Darakta ya taka a gefen tef ɗin, Kunkuru na biye, ba wanda zai tsaya tambayar ko mutumin yake bi ko tef. Ta gwada da mai gadi a matsayin Darakta, ta gwada da kanta, abin ya tafi daidai.

Tef ɗin ya sami mai kare shi a wurin malamin ladabtarwa, wanda yara ke kira Bi-Layi saboda ba ya buɗe baki da safe da wata kalma sai wannan. Shi ya ɗauka an shimfiɗa tef ɗin ne don manyan baƙi su ma su koyi tafiya a miƙe, kuma ya ce da ma an daɗe ana bukatar haka. Kunkuru ya shiga ransa tun ranar farko. Yakan tsayar da masu makara a rana ya nuna musu shi, ya ce su duba, ba uwa ba uba, ba a ba shi kuɗin tara, amma ga shi yana bin layi.

Ana gobe ziyara aka yi gyare-gyare biyu. Na farko na yara ne. Hedimasta ya ce ɗakin kimiyya ba zai ɗauki 'yan aji shida duka ba tare da kujerun manya, don haka a fitar da masu cikakkun kayan makaranta da takalma ƙafa biyu iri ɗaya, sauran a ajiye su wani wuri har a gama. Ya tsaya a bakin ƙofa, Malama Waya ce ta riƙa nunawa da yatsa. 'Yan kujerar baya ba wanda ya tsallake. Wurin da aka samar musu shi ne tsohon sito a ƙarshen baranda, inda ake tara karyayyun benci, wanda silin ɗinsa ya rufto tun bara.

Gyara na biyu na baranda ne. Akwai wata tsaga a simintin da ta taso daga kusa da ƙofar ɗakin kimiyya ta yi tafiyar maciji har bakin siton. Hedimasta ya ba ƙanin matarsa aikin. Mutumin ana ce masa Injiniya tun lokacin da ya riƙe wa masu awon titi sanda. Ya zo bayan an tashi daga makaranta da ragowar kwalta a cikin bokitin fenti, ya ɗura a tsagar daga farko har ƙarshe, ya shafe da katako. Aikin ya yi kyau a ido. Layin ya fito baƙi ƙirin, ya fi tef ɗin kauri, kuma a wuri ɗaya ya gitta shi.

Malama Waya ta gani da safe. Ta daka alli ta barbaɗa a kan kwaltar a inda layukan biyu suka haɗu, har wurin ya yi fari, sannan ta shiga ɗaki tana koya wa zaɓaɓɓun yaran abin da za su ce. Bi-Layi, da ya zo zagayen ƙarshe, ya ga garin alli a hanyar Darakta. Ya kira yarinya da tsintsiya, ya tsaya a kanta har ta share tas, ya kuma yi alkawarin gano wanda ya zubar.

Darakta ya iso cikin fararen kaya da farin takalmi. An yi jawabai a rana. Da aka zo kan abin da ya kawo shi, ya tsaya a matakala ya gyara hula, aka ajiye Kunkuru a bayansa, Malama Waya ta danna maɓalli. Darakta ya fara takawa a hankali, kamar mai bin gawa, yana murmushi ga kyamara. Kunkuru ya biyo shi yana ƙugi. Iyaye suka tafa. An ji Hedimasta yana gaya wa na kusa da shi cewa da ganin farko ya gane babban mutum.

A inda layukan suka haɗu Kunkuru ya ɗan yi jim, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya zaɓi wanda ya fi baƙi.

Darakta ya yi gaba shi kaɗai har ƙofar ɗakin kimiyya kafin ya lura tafin ya tsaya. Ya juyo ya ga abin da aka ce zai bi shi ya ba shi baya yana tafiya ƙarshen baranda. Ya dubi Hedimasta.

"Hanya yake nuna maka, ranka ya daɗe," in ji Hedimasta. "Idan baƙon ya kai wani matsayi, shi yake shiga gaba."

Darakta ya ce ya gane. Ya bi bayan Kunkuru. Mataimakansa suka bi shi, malamai suka bi su, iyaye suka bi malamai, duk a layi ɗaya, suna lanƙwasa inda tsagar ta lanƙwasa. Bi-Layi ya shaida daga baya cewa bai taɓa ganin layi mai kyan wannan a makarantar ba. Malama Waya tana iya yin sauri ta ɗauke na'urar, amma yin hakan sai in ta ratsa ta gaban Darakta. Ta bi layin ita ma.

Kwaltar ta ƙare a bakin ƙofar sito. Kunkuru ya daki ƙofar, ya ja baya, ya sake duka. Darakta ya ce ashe har ƙwanƙwasa ƙofa ya iya, ya ba da umarni a buɗe.

Yaran suna zaune a ƙasa tsakanin ƙafafun benci, cunkushe, shiru kamar an ɗauke wuta. Hasken rana na shigowa ta inda silin ya rufta. Darakta ya tambayi ko su wane ne. Hedimasta ya ce 'yan darasin karatun zuci ne. Darakta ya duba bai ga littafi ko ɗaya ba. Kunkuru kuwa ya tsallaka dokin ƙofa yana ta juyi a wuri ɗaya, ya rasa layi, har wata yarinya mai silifa kala biyu ta miƙa hannu ta kifa shi, ta kashe, ta hure masa ido, ta ce a gaya wa Malama tayar hagu ta sake kwancewa.

Darakta bai zauna cin abin da aka tanada ba. A bakin mota aka lura kwaltar, da rana ta narkar, ta bi farin takalminsa ƙafa biyu. Saƙon da ya fito daga ofishinsa da la'asar ya fara ne da maganar takalmin, ya bi da maganar hoton da aka ɗauke shi yana bin abin wasan yara a layi, sannan a ƙarshe ya ambaci ɗalibai. Ya nemi a yi bincike a rubuto masa wanda ke da laifi.

Hedimasta ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, Bi-Layi mamba, malamin Hausa magatakarda. An zauna a ofis, an ɗora Kunkuru a kan teburi, an cire masa batir don kada ya ji.

Tambayar farko da aka yi wa Malama Waya ita ce wa ya aike shi. Bi-Layi ya ce shi ya daɗe yana hulɗa da yara, kuma ya san yaro mai ladabi ba ya barin layi ya tafi ƙofar da ba a ce ya je ba sai wani babba ya tura shi. Ta ce ba a aikensa. Ta ce baƙi yake bi, ta faɗe shi gajere, ta nuna allon bango, ta nuna takalmin Bi-Layi. Ta ce kwalta ta fi tef baƙi, iyakar labarin ke nan.

Hedimasta ya sa aka ɗauko murfin kwalin ya ajiye a gabanta.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"To ni ga abin da na gani." Ya karanta, ya ja kalmar har sai da numfashinsa ya kusa ƙarewa. "Yau da baki kina cewa launi. Ranar da kika riƙe alƙalami mutane kika rubuta. Tun ba a haife ki ba nake karatu, Malama, na san baƙo idan na gan shi a takarda."

Ya kuma tuna wa kwamitin cewa ya faɗi haka a taron safe a gaban kowa, tana tsaye, ta zo ofis daga baya, kuma abin da ta nema batir ne. Wannan gaskiya ne, ba ta musa ba.

Lissafin a fili yake ga duk wanda ke ɗakin. Idan launi ne, kwalta ce ta kai Darakta sito, kwalta kuwa ta Injiniya ce, Injiniya kuma na gidan Hedimasta ne. Idan mutane ne, to na'urar ta saɓa abin da mai ita ta rubuta, ko dai ta yi ƙarya tun farko ko ta murɗa wani abu da gangan. Maganar wanda ya sa yara a sito ba ta cikin abin da aka ba kwamitin ya bincika, saboda shugaban kwamitin ne ya tsara abin da za a bincika.

Aka juya ga malamin Hausa a matsayin masani. Dattijo ne mai jiran a sa masa hannu a takardar hutu. Ya ɗauki murfin ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya juya shi. Ya ce a ƙa'ida rubutu ba ya nuna inda murya ta hau ko ta sauka, don haka karatun Hedimasta daidai ne, na Malama ma daidai ne. Ya ƙara da cewa akwai ma baƙi na uku, wato harafi, wanda zai iya nufin na'urar tana bin karatu, kuma ya roƙi a rubuta cewa shi ya kawo wannan. Hedimasta ya ce an gode, a tsaya a biyu.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Ummanta, tela ce mai keke a falo, ta saurari labarin tana cire zare daga baki. Yayanta, wanda ke kwance a doguwar kujera tun da kamfaninsu ya rage ma'aikata, ya ce wannan zalunci ne, a kai ƙara ƙungiyar malamai, a kira 'yan jarida, shi da kansa zai je makarantar ya nuna wa mutumin nan iyakarsa. Umma ta ce ya fara nuna wa kujerar iyakarta tukuna.

Sannan ta juyo kan 'yarta. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma a ganinta wanda ya ji an karanta rubutunsa a karkace ya yi shiru, shi ma haka ya karanta.

"Kin sayar da kalmar ranar nan, batir aka ba ki. Yanzu kuma kina so a dawo miki da ita?"

"To me zan yi, Umma?"

"Ki koma ki ja ta yadda yake so. Ce baƙi in ji."

Ta faɗa.

"Ba ki ja ba. Kamar mai tsoron kada ta tsinke. Ja."

Hedimasta ya riga ya aiko mata da irin wannan tayin ta bakin Bi-Layi: ta yarda mutane ta rubuta, a ce na'urar ce ta sami taɓin kai saboda zafi, shi kuma ya ɗaga dutse. Abin da ya hana ta karɓa ba taurin kai ba ne. Ofishin Darakta suna ne yake nema, ba a kuwa dakatar da na'ura, kuma ta riga ta taɓa yin ciniki da dutsen nan sau ɗaya.

A zama na biyu ta nemi a gwada. A kawo baƙo, a ajiye Kunkuru a bayansa, kowa ya gani. Hedimasta ya amince, aka mayar wa Kunkuru batir. Aka kira surukin mai gadi, wanda ya zo karɓar keke, aka sa shi ya yi tafiya a tsakar ofis. Kunkuru ya yi juyi biyu ya tsaya yana kallon ƙafar teburi. Malama Waya ta ce a rubuta. Hedimasta ya ce ba za a rubuta ba, wannan ba baƙo ba ne, kullum yana nan, har ya san inda ake ɓoye makullin banɗaki. Ya ce a jira baƙo na gaske, kuma a yi gwajin a baranda inda abin ya faru.

Baƙo na gaske ya zo kafin a tashi. Ma'aikacin hukumar lantarki ne, sabo a unguwar, ya zo karanta mita. Ba wanda ya san shi, shi ma bai san kowa ba. Mai gadi ya nuna masa inda mitar take, ya wuce. Kwamitin ya fito da sauri, Bi-Layi ya ajiye Kunkuru a bayan mutumin ya danna maɓalli da kansa. Mitar makarantar a jikin bangon sito take, daidai inda kwaltar Injiniya ta ƙare.

Mutumin ya tafi, Kunkuru ya bi. Ya tsaya yana kallon mita, Kunkuru ya zo ya daki dunduniyarsa. Mutumin ya yi tsalle ya ce lafiya. Hedimasta ya kama hannunsa ya girgiza, ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa makarantar. Ya ce bai taɓa ba. Hedimasta ya ce a rubuta. Malama Waya ta nuna kwaltar da ke ƙarƙashin tayoyin ta ce ita ma a rubuta. Ma'aikacin ya ce shi dai mitar tasu ba ta juyawa, kuma zai dawo da masu yanke waya.

Malamin Hausa ya ɗauki ƙarshen mako yana rubuta rahoto. Ya cika shafuka da tarihin makarantar, da godiya ga ƙungiyar da ta ba da kwalin, da jaje kan takalmi. Sakamakon binciken kuwa jimla ɗaya ce a shafin ƙarshe: Kwamiti ya tabbatar, bayan gwaji a gaban shaidu, cewa na'urar tana bin baƙi.

Hedimasta ya karanta a zuci ya gyaɗa kai ya sa hannu. Malama Waya ta karanta a zuci, ta sake karantawa, ta sa hannu a ƙarƙashinsa. Bi-Layi ya ce a karanta a bayyane kowa ya ji kafin a rufe. Malamin Hausa ya nuna maƙogwaronsa ya ce mura ta kama shi, murya ba ta fita. An ga takardar hutunsa a hannunsa da ya fito.

An kai rahoton ofishin Darakta. Ma'aikatan ofishin sun ce Darakta ba ya karanta rahoto da idonsa. Sakatarensa ne ke karanta masa a mota, a kan hanyar gida, shi kuma ya yanke hukunci kafin a kai kwanar gidan mai. Sakataren ya tafi jinyar mahaifinsa. An tabbatar cewa Hedimasta ya nemi lambar wayarsa ta hannun Injiniya. An kuma tabbatar cewa Umma ta gano matar sakataren tana kawo ɗinki wurin wata ƙawarta, kuma ta aika a ce mata ita ma ta iya ɗinkin zamani.

'Yan aji shida sun koma ajinsu gaba ɗaya, malamin motsa jiki ne ke riƙe musu darasin kimiyya tun da aka dakatar da Malama Waya. Ba a taɓa kwaltar ba, saboda shaida ce. An sa wa sito kwaɗo. Kunkuru yana ofis ba batir, tayar hagu a kwance, kuma tun da ya fi dutsen ado faɗi, da shi Hedimasta yake danne takardu yanzu. Takardar Malama Waya ce ta sama.

Zango zai ƙare ranar Juma'a mai zuwa. Har zuwa safiyar yau sakataren bai dawo ba.